Sunana a Bayan Mai Tura Babur

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta ranar da na ɗauki nauyin tona wa kaina asiri ba. Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki ne, ina sayar da baƙin mai a wajen Ƙofar Marusa. Allah Ya yafe mini, ba duka kayana ne na gaskiya ba. Nakan sayi tsohon man da makanikai suka juye, in tace da tsumma, in sirka da ɗan sabo har kalarsa ta dawo, in ɗura a galan na kamfani, in liƙe murfin. Na ƙware har ina yabon kaina.

A shagona akwai kalandar kamfanin man, da hoton motar tsere an rubuce jikinta da sunansu. Wani dila ya taɓa gaya mini da tsere suka yi suna tun can da. To, da sabon kansilanmu ya shirya tseren babura don murnar cin zaɓe, sai na ce ni ma bari in yi irin ta manya. Na nemo wani ɗan kabu-kabu, magidanci, wanda kowa ya san ba a shan gabansa. Na ɗinka masa jar riga, aka rubuta sunana da na shagona a baya, manyan baƙaƙe waɗanda ko mai hakiya zai gani.

Safiyar tseren ya zo karɓar mai. Niyyata in ba shi na gaskiya, don akwai galan uku da ban taɓa ba. Sai dai na yi sharar shago, na jere su da na jabun duka wuri guda. Na ɗaga wannan, na jijjiga wancan, na sansana murfi. Wallahi aikina ya fi ƙarfin idona.

Ya ce, "Alhaji, mi kake nema? Ba duk ɗaya ba ne?"

Na ce, "Ɗaya ne mana." Da na faɗi gaskiya a nan, da kunyar ta tsaya tsakaninmu biyu. Amma sai na runtse ido na miƙa masa guda.

Zagayen farko shi ne gaba. Na hau benci ina ihu, "Man shagona ne! Ku duba bayansa!" A na uku salansar babur ɗin ta fara hayaƙi kamar ana ƙona bola, inji ya buga daidai rumfar manyan baƙi. Ya sauka yana tura babur a hankali, jar rigar nan tana kallon jama'a.

Wani tsohon makanike ya ɗago kai ya dube ni, ya ce, "Alhaji, ɗazu yana gudu ba mu samu karantawa ba. Yanzu kam mun karanta." Wuri ya kece da dariya, ni kuwa na rasa ta inda ake sauka daga benci.

Mai babur bai yi dariya ba. Ya ce, "Alhaji, da wanga babur nike ciyar da ɗiya shida." Maganar nan ta fi dariyar yi mini ciwo. Na gyara masa inji, na kwashe sauran galan na zubar. Rigar kuwa ya hana ni, ya rataye ta a tasharsu, ta yi mini tallar da ban nema ba har ta koɗe.

Tun daga ranar na gane mai ha'inci idan ya ƙware, kansa yake fara sayar wa jabu.