Akushin Madara a Gindin Dutse

Duk wanda ya taɓa cin abinci a Kwarin Hankaka, da cokalin Kolbain ya ci. Shi yake sassaƙa wa kwarin akushi da ludayi, kuma ba za ka ga ko zane ɗaya a jikinsu ba, sumul suke kamar goshin jariri. Baƙo zai ɗauka iyakar hannunsa ke nan. 'Yan gari kuwa sun san ba haka ba ne, shi ya sa in hirar sassaƙa ta taso a gabansa sai kowa ya shiga gyaran murya.

Uwarsa Yorun ita kaɗai ta raine shi, bayan teku ta cinye ubansa. A bayan gidansu akwai wani ƙaton dutse, a cikinsa ɗaya daga mutanen ɓoye masu tsaron ƙasa yake zaune. Yorun ba ta kiransa komai sai Maƙwabci. Kullum da safe takan kai masa madara a akushi, ta tsaya ta ba shi labarin tumakinta da ciwon gwiwarta, da yamma ta ɗauko akushin an sha. Ciyawarta ta fi ta kowa tsawo. Cikin alloli, Tor tana girmama shi, Odin tana tsoronsa, amma hira kam da Maƙwabci take yi.

Wannan hirar ce ta tsone wa Kolbain ido. In ya sassaƙa ɗan doki ya kawo mata, sai ta ce, "Ajiye can, je ka juya ciyawa kafin ruwa ya sauko." Ba mugunta ba ce, aiki ne ya yi mata yawa. Amma shi ya ƙulla a ransa cewa wata rana sai ya yi abin da za ta tsaya ta kalla. Da ya kawo ƙarfi ya haye teku zuwa ƙasar Nowe, inda itace yake kamar banza, ya yi shekaru yana koyo. Can wani mai jirgi, Ozur, ya ba shi aikin kan dodo na goshin jirginsa. Kolbain ya fitar da kan macijin nan da ya naɗe duniya, wanda Tor ya taɓa kamawa da ƙugiya: baki a wangame, haƙora zaƙo-zaƙo, ido kamar zai ƙifta. Karnukan bakin ruwa har haushinsa suke yi.

To, a ƙasarmu ko ɗan yaye ya san doka. Kan dodo na teku ne. Da an hango tudu sai a zare shi a rufe, don kada ya razana mutanen ɓoye su bar ƙasa. Shi ya sa ake dasa shi da fegin itace mai sauƙin cirewa. Kolbain ya san wannan sarai. Amma ya ji jirgin a Kwarin Hankaka zai sauka, ya kuma san in an sa kan a buhu uwarsa za ta ce ajiye can. Sai ya faki idon mutane ya danna masa ƙusoshin ƙarfe.

Ranar da aka hango tsaunukan gida, Ozur ya ce a sauke dodo. Aka ja, ya ƙi. Aka leƙa, sai ga ƙusa.

"Kai, ɗan Yorun, uban wa ya sa ka wannan aiki?"

"Maigida, cewa na yi kada igiyar ruwa ta..."

"Rufe min baki! Na rantse da gudumar Tor, ka jawo mana. Ku kawo bargo, ku rufe masa fuska!"

Aka yafa bargo, iska ta fizge shi ta kai teku. Iskar tana bayansu kuma, ba halin juyawa. Haka jirgin ya shiga mashigin ruwa, dodo ya buɗe baki ya saiti dutsen Yorun. Mata suka ɗora hannu a ka. Kolbain ya hango uwarsa a cikin taro, ta juya wa jirgin baya, dutsen take kallo.

Washegari madara ta wuni a akushi ba a taɓa ba. Rana ta biyu ma haka. Ruwa ya ruɓar da ciyawa a shekarar nan, sanyi ya zo da wuri, tumaki suka yi ta faɗuwa gida gida. Ko da ma sanyin zai zo, wannan ni ban sani ba, kuma ba wanda ya tsaya tambaya. Aka sa masa suna Mai Ƙusa. In ya wuce sai wani ya ce, "A ɓoye jarirai, ga mai korar maƙwabta nan." Budurwar da yake so ta auri wani a can gabas. Garin neman gira ya rasa ido.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan shirun uwarsa. Da ta zage shi da ya ji daɗi. Sai dai ta ci gaba da zuba masa kifi da man shanu, ta ci gaba da kai madara ga dutsen da ba kowa. Kunya ta hana shi haɗa ido da ita a kan abinci. Ya ɓamɓare kan dodon, ya naɗe shi a buhu, ya cusa a rufin garken tumaki, daga nan bai ƙara yi wa itace fuska ba.

Da ƙafarta ta gaza, shi ya karɓi kai madarar. Da yamma ta ce, "An sha?" Ya ce, "Ba a sha ba, Inna." Haka suka yi ta yi har furfura ta cika masa gemu, ita kuma idonta ya rufe.

A kakar da ta kwanta ciwon ajali, zuciyarsa ta kasa ɗauka. Ya je gindin dutse ya tuntsurar da madarar a ciyawa, ya goge akushin da hannun rigarsa, ya shigo da sauri.

"Inna, albishirinki. An sha!"

"Miƙo nan."

Ta zagaya cikinsa da yatsa, a hankali. Sai ta yi ɗan murmushi.

"Maƙwabci ba ya suɗe akushi, ɗan nan. Mai kunya ne, kullum sai ya rage min a gindi."

Kolbain ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Tsoho da gemu, ya durƙusa ya kasa ɗaga kai.

"Har yanzu yana nan, abin nan naka?" in ji ta. "Ɗauko min. Amma ka ja ƙofar baya tukuna, kada ya kalli dutse."

Ya ɗauko, ya kwance buhun, ya ɗora mata a cinya. Ta bi haƙoran da hannu ɗaya bayan ɗaya, ta shafa idon, ta daɗe a kan saƙar wuyan.

"Kai ka yi wannan da hannunka?"

"Ni ne, Inna."

"Ashe haka ka iya." Ta ɗora hannunta a kan goshin dodon. "Ranar nan ban kalle shi ba, ka sani. Da a buhu ka kawo min shi, ai da na gan shi da idona."

Ba ta kai ƙarshen sanyin ba. Kolbain ya mayar da kan cikin buhunsa, kuma har ya mutu bai fasa kai madara gindin dutse ba. Da yamma yakan ɗauko akushin a cike, ya shigo da shi ɗakin da ba mai tambayarsa ko an sha.