Yadda Bindin Keke Ya Sake Gida

Kekena ya girmi wasu masu gemu a garinmu. Da shi na yi zirga-zirga tsakanin Bukkuyum da Gummi tun ƙafafuna na jin magana. Da gwiwa ta fara kuka irin na tsohuwar ƙofa, fetur kuma ya zama sai wane da wane, wani mai gyaran keke a Gummi ya ce mini akwai injin lantarki da ake ɗaura wa keke, ba mai, ba hayaƙi, sai caji kamar waya. Ni kuwa mutum ne mai ilimi, na yi firamare har sai da aka fara lissafin rabawa sannan na ga abin ya ishe ni haka. Na ce a ɗaura.

Na farkon da ya ɗaura wani ɗan dunƙule ne da ke kwanciya bisa tayar baya yana gurzarta. A busasshiyar hanya lafiya lau. Da laka ta shafi taya sai ya riƙa juyawa shi kaɗai yana kukan sauro, keke na tsaye, ni ina zaune a kai kamar mai jiran hoto. Kafin kaka ya cinye mini taya tas. Na mayar masa da abinsa. Sai ya sake mini tayar gaba ɗungurungum da wadda injin ke cikin cibiyarta, ya ɗaure batir a kariya, ya sa totur a hannun dama irin na babur.

Wannan kam yana ja, amma jan san huɗa ne da bai gama horuwa ba. In ka shiga yashi, tayar gaba ta tsaya tana tonon rami tana watsa maka ƙasa a ƙafa. In ka hau gargada, nauyin gaban ya biyo hannu ya girgiza 'yan haƙoran da suka rage. Ran da ya ga dama wata waya ta saki a tsakiyar daji, ka koma feda da nauyin batir a bayanka. Babban aibinsa kuwa shiru. Babur in yana kunne unguwa duk ta sani. Wannan ko kunne ko kashe fuskarsa ɗaya, irin ta munafuki.

Mu nan ba a wuce majalisar dattawa a bisa keke. Sauka ake, a turo, a gaisa. Wata Juma'a bayan an sauko, na zo wucewa ƙofar mai gari, mutane cike ƙarƙashin darbejiya. Na sauka yadda aka saba, na riƙe kan keke, na ɗan rusuna zan yi gaisuwa. Rusunawar nan ta murɗa totur. Keke ya zabura. Na ƙanƙame shi don kada ya tsere, ashe ƙanƙamewar ita ke ƙara murɗawa. Ya ja ni da gudun da ban yi irinsa ba tun ina saurayi, babbar riga na tashi a bayana, sai da muka kwanta tare a juji.

A cikin masu kallo akwai ɗan goggona, taubashina, wato bawana tun ran da aka haife shi. Tun ban miƙe ba na ji muryarsa.

"Jama'a, ku gani! Da can keke mai shi gare shi, yau ko ya yi bindi!"

Bindi shi ne wutsiya a bakinmu. Kafin kasuwa ta zagayo, mahauta Bindin Keke, mai shayi Bindin Keke, har mai ɗakina ranar da muka saɓa sai na ji tana cewa tuwon Bindi ya sauka. Maganar taubashi ba a kai ta gaban alƙali, ba a kuma fushi da ita, in ka yi fushi kai ne mara asali. Ramawa ake. Ni kuwa na kai shekarun da in suna ya kama mutum da shi za a kai shi kushewa. A ce wa ya rasu, a ce Bindin Keke, jikoki su gada. Wannan ne ya hana ni sakat.

Abu ɗaya na yi na hikima. Ban gaya wa kowa abin da ya zaburar da keken ba. Duk wanda ya tambaya sai in ce riga ce ta shiga sarƙa.

Da damina ta kankama aka yi haihuwa a gidan surukin bawan nawa, can Nasarawa Burkullu. Uban matarsa tsoho ne tukuf, ido ya yi hazo, kunne ya yi nauyi, amma har yau bawan nawa ba ya isa gabansa da takalmi. Baburinsa kuwa ya kwanta wurin bakanike. Ana gobe suna sai ga shi ƙofar gidana.

"Bindi, ina wuni? Ara mini dokinga naka gobe."

"Bawa shi hau dokin ubangijinai? Lalle duniya ta zo ƙarshe."

"Doki ya san mai iya mishi. Ni ba ni sa riga cikin sarƙa."

Na bari ya roƙa har sai da ya ce mini ranka shi daɗe, sannan na fito da keke. Ya tambayi yadda ake tadawa, na nuna masa makunni. Ya tambayi yadda ake gudu, na nuna masa totur. Bai tambayi yadda ake kashewa ba. Malaminmu na firamare ya sha dukanmu a kan amsa abin da ba a tambaya ba, ni kuwa ba na manta karatu.

Na ce ya dawo da safe ya ɗauka. Yinin nan injin ya ga gatan da bai taɓa gani ba. Na kai batir wurin mai cajin sola na zauna a kansa har ya ƙoshi. Na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya na naɗe da robar tsohon tif. Na ɗaure notin tayar gaba har sai da hannuna ya yi ja. Duk zaman da muka yi da shi ban taɓa roƙon Allah ya kai shi inda aka nufa lafiya ba sai ran nan.

Da sassafe na miƙa masa keke, na shiga motar kasuwa na riga shi isa. Na kama tabarmar gaba, kusa da tsohon surukin, inda ba abin da zai tsare mini gani. Malamai suka taru, aka fito da farantin goro, wanzami na wasa aska, rago na ɗaure jikin darni. Bawa shiru. Rana ta fara ɗagawa, bawa shiru. Na ce shi ke nan, wata waya ta ci amanata a yashin rafi, zai iso yana turo mataccen keke, in tashi a tutar babu. Na yi wa injin Allah ya isa a zuci.

Sai na ji ƙararrawa. Ga shi nan tafe, hula a karkace, riga fara ƙal, ƙafa ko motsi ba ta yi a feda don kowa ya ga na lantarki ne. Ya tsaya daga nesa kamar yadda suruki ke yi. Ya sauka. Ya kasa kunne irin na mai babur, ya ji shiru, ya gamsu abin ya mutu. Ya riƙe kan keke da dama, ya sunkuya da hagu zai tuɓe takalmi.

Injin nan da ke tsayawa tonon rami, ranar ƙasa ta sha ruwa ta daskare, taya ta samu abin kamawa. Ya fizge shi da takalmi ɗaya. Suka ratsa tabarmar malamai, faranti ya tashi, goro ya watse, wanzami ya yi tsalle ya bar askarsa. Yana ihu yana cewa a riƙe, a riƙe, shi kuwa yana ƙara ƙanƙamewa. Suka wuce ta gaban surukin, iskar rigarsa ta taɓa gemun tsoho, suka faɗa darni tare da rago.

Tsohon ya ɗaga kai yana lalube da ido.

"Mi ya wuce yanzu?"

Na matsa kusa da kunnensa, na ɗaga murya yadda na bayan gida ma za su ji, don tsoho ba ya ji sosai kuma taimakon tsoho lada ne.

"Baba, surukinka na, Bindin Keke. Ya zo gaisuwa."

"Bindin Keke," in ji tsoho, yana gyaɗa kai. "To, a ce mishi an gode. Shi tashi haka nan."

Sunan da suruki ya kira ka da shi gaban malamai ranar suna ya zauna ke nan. Ba wanda ya ji rauni, sai darni, sai tayar gaba da ta ɗan karkace.

Ran kasuwar Bukkuyum muna tsaye ni da bawan nawa a layin mahauta, kowa na kallon gabansa. Wani daga rumfar can ya ƙwala kira, "Bindi!" Na ji wuyana zai motsa, na danne shi, na ci gaba da duban tsire. Shi ya waiwaya.