Shekarar da Inna Mugli Ta Rataye Tsintsiya

A ƙauyenmu, in ka ji ƙarar tsintsiya tun kafin hayaƙin shayi ya tashi, to lokacin kaka ya shigo, kuma Inna Mugli ce ke shara. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata. Gajeriya ce, ga baki ga zafin nama. Shekara arba'in tana riga kowa tara ganyen ƙatuwar bishiyar nan da ake kira cinar, wadda ke ƙofar gidanta: ta share, ta tula, ta cinna wuta, kafin ya zama toka ta yayyafa ruwa ya koma gawayi. Da shi take cika kangiri, ɗan kaskon wutar da kowannenmu ke rungumewa cikin riga har dusar ƙanƙara ta narke. Ganyen da ruwan sama ya daka kuwa ya tashi daga aiki, sai dai ya ruɓe.

Ban taɓa jin ta yabi launin ganye ba. In 'yan birni suka tsaya ɗaukar hoto, sai ta ratsa tsakaninsu da tsintsiya tana cewa, "Ku matsa, kuna tattake min wuta."

Mijinta, Baba Sona, mai surfanin mayafai ne, mutum mai sanyin hali. Da kaka ta yi, sai ya soke allura ya koma bakin taga.

"Mugli, dubi wancan reshen. Jiya ruwan goro ne, yau ya yi ja wur."

"Jan ne zai ɗumama maka ƙafa? Sha shayinka, Malam, ya huce."

Haka suke tun ina goye, ba wanda ya gaji.

Bara ne likita a birni ya duba Baba ya ce jijiyar idonsa ce ke mutuwa, ba aikin da za a yi, kafin bazara duhu zai rufe. Ni na raka su.

Da ganye ya fara zuba, na yi ta sauraron tsintsiya, shiru. Na leƙa, na ga ta rataye ta a ƙusa. Ƙofar gidan ta cika da ganye ja da rawaya har ƙwauri, rana na dukansa kamar an watsa garwashi. Ni da na girma a gindin bishiyar nan, sai a ranar na san tana da kyau. Maƙwabciyarmu Fazi ta zo da buhu, a zatonta Inna ba ta da lafiya, za ta taya ta.

"Ke Fazi, ajiye! Ganyen gidanku ya ƙare ne?"

"Daga taimako, Yaya?"

"In ina so zan aiko. Wanda ya taɓa min ko ɗaya, ni da shi ne."

Na same ta a madafa na ce, "Inna, hadari na haɗuwa a kan dutse. In ya sauka, da me za ku yi sanyi?"

Ta ci gaba da murza barkono. "'Yar nan, shekara arba'in yana cewa in bar masa ko kwana uku ya kalla, ina kwashewa a gabansa. Bana ce ta ƙarshe. Sanyi dai na san shi."

Tausayinta ya kama ni, haushinta ma ya kama ni, don na san ƙirjin Baba ba ya jure sanyi. Amma wa ya isa ya juya Inna Mugli?

Kwana tara ganyen na kwance. A na goma ruwa ya sauko, ya yini yana zuba. Da gari ya waye jan nan duk ya dafe, ya manne da ƙasa. Na kai musu gurasa na tarar da su a bakin taga.

Inna ta ce, "To Malam, ka dai kalla ka more?"

"Na gode, Mugli. Sai dai kullum ina jira ne ki fito."

"In fito in yi me?"

"Ke da tsintsiyarki a tsakiyar jan nan, kina masifa, hayaƙi na tashi. Abin da nake zama in kalla ke nan. Bana sai na ga filin ba kowa."

Na yi zaton za ta balbale shi da faɗa. Sai ta miƙe, ta sauke tsintsiyar daga ƙusa, ta yafa jan mayafin da ya yi mata surfani tun suna amare, ta fita. Ganyen ya jiƙe sharkaf, ko da man fetur ba zai kama ba, kuma ta fi kowa sani. Ta fara shara a hankali, daidai saitin tagar, tana zagin gajimare da ƙarfi yadda zai ji.

Gawayin sanyin bara ni da Fazi muka raba namu da su, Inna na karɓa tana kushe shi wai bai ƙonu da kyau ba. Bana Baba ba ya gani. Har yanzu a bakin taga yake zama, ita kuma in ta tula ganye sai ta tsaya ta ɗaga kai.

"Malam, reshen nan naka ya yi ja wur."