Takin Larai

A Yakasai, cikin wani lungu da mutum biyu ba sa iya jerawa, akwai gidan marigayi Malam Hashim baduku. A nan Larai ta tsufa. Daga Shahuci aka kawo ta amarya, 'yar masu sayar da goro, wadda ba ta san gero ba sai a ƙwarya. Mace ce mai ƙarancin magana, ba ta da wata sana'a da aka san ta da ita in ban da kiwon awaki. Ta haifi 'ya'ya, ta binne wasu, Allah ya bar mata Bahijja, wadda ke aure a Shahuci.

Bayan ɗakin girki akwai wani ɗan kango mai ƙofa ta lungu. Nan Malam Hashim ke tara taki: kashin awaki, ragowar harawa, ɓawon gyaɗa, da 'yar toka kaɗan. Yakan yayyafa masa ruwa, ya juya shi ranar Juma'a kafin ya yi wankan masallaci. Gab da damina sai wani manomi daga bayan Ƙofar Dawanau, Malam Haruna, ya zo ya kwashe, da can a mangala bisa jakuna, daga baya a motar a-kori-kura. Da kaka kuma ya dawo da dammunan gero. Ba ciniki ba ne. Iyayensu ma haka suka yi, kuma ba wanda ya taɓa auna wa wani. Geron nan shi ne tuwon gidan da furarsa.

Malam Hashim ya rasu bayan kaka. Gida ya cika da masu ta'aziyya, aka girke manyan tukwane ana abincin sadaka. Matan da suka zo taya aiki, Allah ya saka musu da alheri, amma kowacce ta ga kangon nan sai ta ɗauka juji ne. Ai ɗan birni abin da ya sani ke nan, toka taki ce. Suka yi ta juye ta kwano-kwano, wata da sauran garwashinta, suka bi da ledoji. Larai tana ɗaki cikin takaba, ba ta leƙa ba. Ko da ta leƙa ma, a lokacin ba abin da idonta zai gani.

Sai da ta fita takaba, zafi ya kankama, Malam Haruna ya zo gaishe ta. Suka gaisa a zaure, ya yi wa mamaci addu'a, ya daɗe yana jujjuya hularsa. Can ya tashi ya zagaya kango kamar yadda ya saba, ita kuma ta buɗe masa ƙofar. Ya tsuguna ya kai hannu, hannun ya ƙi shiga. Tulin ya bushe ƙamas, ya yi fari, samansa ya yi tauri kamar daɓe. Ya karkaɗe tafinsa, ya ce, "Allah ya ji ƙan Malam." Ya tafi.

Kunya ta kama Larai har ta kasa cin abinci. Bana ba taki ke nan, in kuwa ba taki, ba gero. Abin da ya fi cinta ma shi ne a ce zumuncin da maza suka riƙe tun kakanni a hannunta ya tsinke.

Da Bahijja ta ji, sai ta ce, "Inna, ki bari a kira masu kwasar shara su kwashe. Ni zan riƙa aiko miki da shinkafa."

"Na gode," in ji Larai. "Miƙo min fartanyar babanki."

Ba ta taɓa yin aikin da hannunta ba, amma ta shekara da shekaru tana kallo daga bakin murhu. Ta fara da fasa ɓawon saman, ta kwashe tokar da ta yi yawa ta tara gefe. Ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno tana tsince leda ɗaya-ɗaya, tana faɗa da matan da ba sa nan. Da ta zuba ruwa ranar farko, sai ya gangare ya bi lungu, bai jiƙa ko kamu ɗaya ba. Nan ta gane busasshen taki ba a yi masa gaggawa. Ta haƙa ƙananan ramuka a jikinsa, ta riƙa ɗura ruwa kaɗan-kaɗan, safe da yamma. Ruwa kuwa a bazarar Kano ba abin wasa ba ne, sai ta raba ƙasarin wankin gero biyu, rabi na awaki, rabi na kango. Na wanke-wanke mai sabulu ba ta yarda ya je wurin ba.

Ta kawo sabon kashin awaki, ta roƙi ruɓaɓɓen ganye wajen masu kayan miya, ta cakuɗa da tsohon, ta lulluɓe da tsohuwar tabarma don rana. Bayanta ya riƙe, tafinta ya yi kanta. Makonni suka wuce ba alamar komai, har ta fara tunanin Bahijja ce da gaskiya. Wata safiya ta ɗaga tabarmar ta cusa hannu har gwiwa, sai ta ji ɗumi. Ta ciro takin, baƙi ne, mai laushi, yana ƙanshin ƙasa. Ta zauna a wurin ta yi kukan da ba ta samu yi ba ranar da gida ke cike da mutane.

Ta aika wa Malam Haruna cewa taki ya nuna. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas sai ga shi, amma a ƙasa ya zo, ba mota. Ya duba takin, ya murza shi a yatsa.

"Malama Larai, ko Malam bai fi haka ba," ya ce. "Sai dai ni ba ni da inda zan kai shi. An raba mana gado, 'yan'uwa suka ce a sayar. Gonar an yanka ta fulotai, har an fara sa bulo. Wancan zuwan abin da ya kawo ni ke nan, bakina ya ƙi faɗa."

Larai ta ce, "Duka?"

"Sai ɗan bayan gida, inda iyali ke shuka kuɓewa."

Ta dubi tulin, ta dubi tsohon da ke tsaye yana jin nauyinta kamar shi ya yi laifi. Tausayinsa ya fi na kanta yawa a ranta, don ita gero ta rasa, shi kuwa gona.

"To a kai wa kuɓewar," ta ce.

"Ya yi mata yawa. Kuma ba ni da damin da zan kawo miki da kaka."

"Ban tambaye ka ba, Malam Haruna. Ka nemo mota."

Washegari aka kwashe tas, har ƙasan kangon ya fito. Da la'asar Larai ta share turken awaki kamar kullum, ta cika kwando, ta ɗauko. A ƙofar kangon ta tsaya da shi a hannu, ta daɗe, ba ta san wa za ta tara wa ba. Sannan ta shiga ta juye.