Waƙar da Ba Ta da Mai Ita

Duk sa'ad da ake gwada lasifika a gidan biki ta saki ƙarar nan mai shiga har cikin haƙori, Baba Ƙarami nake tunowa, ƙanen mahaifina. Wata shekara bayan girbin gero ya dawo ƙauyenmu na gefen Bilbis rataye da jita mai igiyar lantarki, suma ta taru masa kamar wanzamai sun ƙare a duniya.

Gyaran rediyo aka tura shi koyo Gusau. Can ya haɗu da wasu samari, ɗayansu mutumin Nijar, suka kafa ƙungiyar kiɗan Turawa da suke ce wa rok. Shi ne mai waƙa, wasu da Turanci, wasu da Faransancin da abokin ya koya masa. Suna wasa a Sabon Gari, har sun yi kaset guda, ya kawo shi gida yana ta washe baki.

Kakanmu kuwa mutum ne da in gaisuwa ta yi tsawo sai ya fara tunanin abin da aka zo nema. Ya sa aka kunna kaset ɗin a zaure, ya saurare shi kaf yana murza igiyar rama a cinyarsa. Ka san a wurinmu waƙa ba ta tashi haka kawai. Makaɗin noma manomi yake yi wa, na dambe ɗan dambe, ya kira sunanka da na ubanka, kai kuma ka yi masa alheri. Wadda ba a kira sunan kowa a cikinta ba, to zambo ce, wanda aka yi dominsa ya san kansa.

"Wagga waƙa ta wa ta?" in ji kakanmu.

"Ba ta kowa ba ta, Baba."

"To wa kaka zagi?"

Ni aka kira in warware, don ni ce 'yar boko a gidan. Na kasa kunne, na tsinto abin da na iya: hanya mai nisa, ruwan sama, wata yarinya da ta yi tafiya. Da aka zo kan Faransancin na ce ban ji komai ba. Kakanmu ya gyaɗa kai kamar dama abin da yake jira ke nan. Ya ce Turancin mayafi ne kawai, tunda yara na jinsa, zagin yana cikin yaren da babu mai ji. Akwai wata mai sanyi ta Faransanci a ƙarshen kaset ɗin, ita ya fi tsana, wai mai zagi a hankali ya fi mai ihu mugunta.

Kafin kasuwa ta zagayo magana ta cika gari. Maƙwabcinmu da muke rikicin iyakar gona da shi ya daina amsa gaisuwar mahaifina. Bafulatanar da ke kawo mana nono ta ja Inna gefe tana tambaya ko da su ake. Ni kaina na fara kallon Baba Ƙarami ta wutsiyar ido, ina tuna ranar da na zubar masa da fura.

Abin da ya ƙarasa ɓata lamarin wani biki ne a Kekun Waje, ta wajen Bungudu. Abokin ango ya gayyaci ƙungiyar. Mutane suka yi da'ira, kowa riƙe da abin liƙi yana jiran ya ji sunansa. Aka yi waƙa bayan waƙa, babu sunan ango, babu na ubansa. Sai kawun ango ya sa aka kashe janareta, ya ce ba za a ci tuwonsu a zage su a ƙofar gidansu ba.

Da labari ya iso, kakanmu ya ce wa Baba Ƙarami ya zaɓa, ko jita ko gandu. Shi kuma ya ce zai mayar da waƙoƙin Hausa kowa ya ji babu zagi a ciki.

"Ka maishe mini gida gidan roƙo ke nan?" in ji tsohon. "Mu manoma na."

Da Hausa ya zama maroƙi, da wani yare ya zama mai zambo. Kafin ruwan shuka ya sauka ya tafi, kuma na yi kuka sosai, duk da zargin da nake masa.

Daga nan sai labarinsu muke ji a bakin direbobi. Sun ƙetara Nijar, an karɓe su, sun yi kaset na biyu. Sannan mai ganga ya yi aure ya koma tuƙi, abokin nan mutumin Nijar ya bi wata ƙungiya, abin ya watse. Baba Ƙarami bai dawo ba sai da aka yi arba'in ɗin kakanmu.

Yanzu ya tsufa, yana ba da hayar lasifika a Tsafe. Yara na wucewa ta ƙofar shagonsa da waƙoƙin kowane yare a waya, babu mai tambayar ta wace ce. Bara na kai masa ziyara, na ce tsakaninsa da Allah, akwai wadda ya yi wa wani? Ya daɗe yana naɗe wata igiyar lantarki kafin ya amsa.

"Guda ɗai. Waccan mai sanyi, ta Baba ta. Gonakinai na lissaho, da yadda yaka tashi tun asuba. Ɗa ba ya wasa ubanai da Hausa, kin sani."

Na ce ya rera mini. Ya ce Faransancin ya gudu masa tuntuni, kaset ɗin ma bai san inda ya shiga ba. Idanunsa sun kawo ruwa, na gani. Amma ni jikar tsohon nan ce, kuma ina cikin mota a hanyar Gusau na kama kaina ina tunanin ko gaskiya ya faɗa mini.