Kabarin da Ke Lambun Ɗan Azumi

Duk wanda ya san bakin tafkin Madarumfa ya san Ɗan Azumi mai albasa. Gajere ne kakkaura, ga tafin hannu kamar bayan faranti, ga rowar magana. Da kamun kifi ya fara neman abinci kamar ubansa, amma ruwa bai karɓe shi ba. Ranar da abokansa suka cika kwando, shi sai ya dawo da jiƙaƙƙen wando da ciwon kai. Da ya gaji da zama abin dariya sai ya jingine koma, ya shinge wani fili da ya gada a gefen tafki ya shiga lambu, a nan kuwa Allah ya ajiye rabonsa. Mutane sun shaide shi da riƙon amana. Mai tafiya Katsina yakan bar masa akuya, ya dawo ya tarar ta haihu. Shi ya sa abin da ya same shi bana ya fi ƙarfin cikinsa. Wani fasto ya kira shi daga Maradi ya ce Madam Selma tana tafe ganin kabarin 'yarta, shi kuwa Ɗan Azumi, da aka bar wa kabarin amana, bai san inda yake ba.

Madam Selma da mijinta Jowel, wanda ake kira Mushe Jowel irin na Faransanci, 'yan mishan ne daga Birazil. Sun sauka Madarumfa shekarun baya da 'ya'yansu maza, suka kama haya a gidan da ke jingine da lambun Ɗan Azumi. Da farko gari ya rasa inda zai ajiye su, don an ce Turawa za su zo, sai ga mutum wankan tarwaɗa da matarsa mai gashi a murɗe, kuma kullum tukunyarsu shinkafa da wake kamar ta kowa. Mushe Jowel gyaran famfo da yasar rijiya yake bi ƙauye ƙauye, har garin Sarkin Yamma, a kan wani tsohon babur da sai an tura yake tashi. Madam kuwa rumfa ta kafa a ƙofar gida tana wanke gyambo, tana koya wa mata dama kunun gyaɗa ga yaran da suka rame. Ranar Lahadi rumfar ce cocinsu. Su da wani malamin lakwal, wato makarantar boko, da 'yan tsirarun mutanen ƙauye za su yi ta waƙa da jita, yaran unguwa na leƙe ta zana.

Mushe Jowel bai taɓa ɓoye abin da ya kawo shi ba. In ya dawo da la'asar zai tsallako shinge ya zauna bakin rijiyar lambu, a ɗora shayi, kafin a kai ga kofi na biyu ya jawo zancen Yesu Almasihu. Ɗan Azumi zai saurara har ƙarshe, sannan ya ba shi labarin Annabi Isa yadda ya ji a wajen malamai. Haka suka yi ta yi shekara da shekaru, ba wanda ya gusa ko da taki ɗaya, ba kuma wanda ya fasa shan shayin ɗan'uwansa. Da azumi ba a ganin 'yan gidan suna tauna komi a waje, in an kusa shan ruwa kuma sai ga ƙanƙara a kwano an miƙo ta shinge.

A nan Madam ta haifi 'yarta mace, auta. Inde matar Ɗan Azumi ce ta yi mata wankan jego, ita ce kuma ta ce yarinyar ta yi kama da mai suna Safiya, sunan ya bi ta. Mushe Jowel ya sayi rago ya ba Ɗan Azumi ya yanka don kowa ya samu ci. Safiya ba ta kai ga tafiya ba. Da damina zazzaɓi ya kama ta, aka kai ta gidan likita a Maradi, aka dawo da ita a naɗe cikin zane.

Akwai maƙabartar Kirista a Maradi, amma Madam ta ce ba za ta iya barin jaririya a inda sai ta hau mota za ta gan ta ba. Ba wanda ya roƙi Ɗan Azumi. Shi da bakinsa ya ce ga lambu, akwai inuwa a gindin gwaiba. Mai gari ya yarda, Ɗan Azumi kuma ya haƙa ramin da hannunsa. Mushe Jowel ya kafa gicciyen ƙarfe, ya kewaye wurin da duwatsu ya shafa musu farar ƙasa.

Mu dai a nan, in an rufe mutum an yi masa addu'a sai a bar wa Allah sauran. Kabari ya lotsa, ciyawa ta rufe shi, ba laifin kowa ba ne. In ka cire waliyyan da ke kwance a kewayen tafki, ba wanda ake zuwa gaisarwa. Saboda haka Ɗan Azumi ya sha mamakin ganin Madam kowace yamma a gindin gwaiba tana tsince ganye, tana ba wasu furanni ruwa, tana magana ƙasa ƙasa da yarensu. A ransa yana ganin ɓarnar ruwa ce a shayar da abin da ba a ci, amma shi ke jawo mata gugan.

Da ciwon zuciya ya kama Mushe Jowel, dole suka tattara suka koma ƙasarsu. Ranar tafiya ya riƙe hannun Ɗan Azumi ya daɗe bai saki ba, ya ce ba su bar komi a Nijar da ya kai abin da ke gindin gwaibar nan ba. Ɗan Azumi ya ce ya ɗauka, muddin yana numfashi ko kaza ba za ta tona wurin ba. Da gaske kuwa yake lokacin da ya faɗa, har furannin ya ci gaba da shayarwa.

Sai shekarar da aka yi ta ƙone-ƙonen coci a manyan garuruwa ta zo. Wutar ba ta iso Madarumfa ba, labarinta ne ya iso. Ranar kasuwa wani dillali ya ɗaga albasar Ɗan Azumi yana dariya, ya tambaya ko ita ce mai tsirowa a gindin gicciye. Iyakar abin da aka yi masa ke nan. Ba wanda ya ɗaga masa yatsa, ba wanda ya taka lambunsa, dillalin ma ya sayi albasar. Amma tsoro ya shige shi, kuma tsoron ciniki ne fiye da tsoron rai. Washegari da hantsi ya girgiza gicciyen har ya tuge, ya wurga shi cikin tafki, duwatsun kuma ya kwashe ya ƙara wa bakin rijiya. Ya gaya wa kansa in ƙura ta lafa zai mayar da komi, ai gwaibar tana nan, ba za ta ɓace masa ba.

Gari ya lafa, bai mayar ba. Bana ya ce baɗi, baɗi ya ce sai ya kwashe albasa. Fangalin da ke kusa ya riƙa matsowa kaɗan kaɗan, don ƙasar wurin tana da kyau. Sannan aka yi wata damina mai ruwa, tafki ya tumbatsa ya kwanta a kan lambun har kaka. Gwaibar ta mutu a tsaye, masu neman itace suka sare ta har saiwa tun bai dawo wurin ba. Da ruwa ya janye sai ya bar laka shimfiɗe sumul daga shinge zuwa shinge, shingen ma ba a inda yake da ba. Ɗan Azumi ya tsaya a tsakiya yana juyawa. Ya san wajen gabas ne, amma gabas ɗin lambu da faɗi take. Tun daga ranar duk sa'ad da ya kafa fartanya a wannan ɓangaren sai gabansa ya faɗi, bai kuma daina shukawa ba.

To, ga shi yanzu an ce uwar yarinya na tafe. Abin da ya yi ya fi na farko muni, kuma yana sane. Ya hau mota zuwa Ɗan Issa inda ba a san shi ba sosai, ya sa mai walda ya haɗa masa gicciye irin wancan. Da ya ga ƙarfen yana ƙyalli sai ya turbuɗe shi a taɓon bakin tafki har ya yi tsatsa. Ya zaɓi wani wuri mai kyan gani a gabas, ya tuge albasar da ke kai, ya tara ƙasa, ya jera duwatsu, ya yayyafa ruwa ya daddaɓe don kada a ga sabunta. Yana aikin yana istigfari, bai kuma tsaya ba.

Inde ta zo ta tsaya ta ga aikin. Ita ce ta wanke gawar Safiya da hannunta, don haka ba ta da haƙurin wasa da zancen.

"Wanga wurin ba shi ba ne, kai ma ka sani," in ji ta.

Ya ce mata ai ƙasa duk ta Allah ce, kuma matar ta tsufa, me za a ƙara mata da baƙin ciki. Inde ta ce ita dai za ta dafa wa baƙuwa abinci, za ta rungume ta, amma ƙafarta ba za ta taka lambu ranar ba.

Madam Selma ta iso da hantsi tare da faston Maradi, wani Bahaushe mai suna Alhassan. Gashinta ya yi fari fat, ta rame, amma Hausarta tana nan, har ta tambayi awakin da suka mutu tun tuni. Ita da Inde suka rungume juna suka yi kuka mai isarsu. A nan ta faɗa musu Mushe Jowel ya rasu bara. Ɗan Azumi ya sunkuyar da kai, baƙin ciki ya kama shi, a ƙarƙashin baƙin cikin kuma ya ji wani ɗan sauƙi cewa ba zai haɗa ido da mutumin ba. Wannan sauƙin ya ƙara masa jin kunyar kansa.

Ya shige gaba suka bi shi cikin lambu. Da ta hango gicciyen sai ta tsaya. Ta duba hagu, ta duba dama, ta tambayi gwaiba, ya ce ruwa ya ci ta, wannan kam gaskiya ce. Ta durƙusa ta shafa duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ta yi magana da yarensu kamar da. Sannan ta ɗago ta yi masa godiya. Ta ce a ƙasarsu ma 'yan'uwa na jini ba sa riƙe kabari haka, ta ce Jowel har ya mutu yana cewa hankalinsa kwance yake don Safiya tana hannun Ɗan Azumi. Kowace kalma sai ya ji ta kamar an ɗora masa buhu a ka. Da zagi ta yi masa da ya fi masa sauƙi.

Daga nan ta buɗe jaka ta fito da wani ɗan gwangwani mai murfi. Ta ce wasiyyar mijinta ce ta kawo ta. Ya roƙa a ɗebo ƙasa daga kan Safiya a zuba a kabarinsa, tun da Allah bai nufa su kwanta wuri ɗaya ba. Ta sa hannu ta fara ɗiba daga tudun da Ɗan Azumi ya tara da fartanya kwanan nan.

Ya yi shirin yaudarar mai rai, ya ma lallashi kansa cewa tausayi ne. Bai yi shirin a ɗauki ƙasar albasa a tsallaka teku da ita a zuba wa abokinsa a ce 'yarsa ce ba. Ya ga gwangwanin ya kusa rabi.

"Madam, dakata," ya ce. "Ba haka muke yi ba nan. Ba a ɗiba wuri guda. Kawo in ɗebo miki."

Fasto Alhassan ya dube shi. Bahaushe ne, ya san babu wata al'ada mai kama da wannan, amma ya kawar da kai. Ɗan Azumi ya karɓi gwangwanin ya shiga cikin albasa. Ya tsuguna ya ɗebi kaɗan, ya matsa gaba ya sake ɗiba, ya koma hagu, ya dawo dama. Mutumin da ba ya yarda ko jikansa ya taka masa fangali, yau shi ke murƙushe albasa da gwiwa bai ko duba ba. Yana ɗiba yana roƙon Allah a ransa ya sa ko ƙwaya ɗaya ta dace. Ƙasar na zubewa ta tsakanin yatsunsa.

Bai ji tasowarta ba, sai ganin inuwarta ya yi a kansa. Ta daɗe tana kallon tudun da gicciyen, sannan ta kalli faɗin gabashin lambun, ta kalle shi. Ya kasa ɗaga ido sama da ƙafafunta.

"Ɗan Azumi," ta ce a hankali, "tana cikin lambun nan dai, ko?"

"Tana ciki, Madam. Wallahi tana ciki."

Sai ta goge fuska da bakin gyale, ta nuna masa can wajen shinge inda bai kai ba.

"To, ƙaro daga can ma," in ji ta.

Ya tashi ya nufi wurin da gwangwani a hannu, ita kuma ta biyo shi a baya tana taka albasar.