Mayi Chiwaula, Wadda Ta Sa Jini Gaban Kyamara

Ƙarfe shida da rabi na safe take sauka daga bayan keken haya a ƙofar asibitin gundumarmu, da dafaffen rogo a leda da filas ɗin shayi. Ba ta bi ta ofis. Kai tsaye take zagayawa bayan ɗakin wanki, inda aka ware wani ɗan ɗaki mara taga aka ajiye babbar kwamfutar da duk asibitin ya rataya a wuyanta. Sai ta ɗora tafin hannu a jikin ƙarfen ta ji zafinsa, ta kasa kunne ta saurari kukan faifan ajiya, sannan ta zauna ta karanta abin da na'urar ta rubuta game da lafiyarta tun jiya. Haka Mayi Esnath Chiwaula (Mayi a wurinmu kamar Malama ne) ta yi shekara goma sha tara. Juma'ar da ta wuce ta ajiye aiki, kuma irin sallamar da aka yi mata ce ta hana ni yin shiru.

Ni mai ba da magani ne a tagar asibitin, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

Tarihin kowane mara lafiya, da sakamakon gwaji, da jerin jinin da ke cikin firji, duk a faifai ɗaya suke. Faifai kuwa ba ya sauraron kowa da kowa a lokaci guda. Mai son karantawa da mai son rubutawa layi suke bi, kuma idan ba a tsara layin ba, wanda ya fi naci shi ke cinye kowa. Muna lallaɓawa a haka har shekarar da aka kawo mana sabon shugaban mulki, Bambo Msiska, wato Malam Msiska, mutumin da bai taɓa leƙa ɗakin haihuwa ba amma ya san adadin kujerun ofishinsa. Shi ne ya sa aka kafa kyamarori goma sha shida, huɗu daga ciki suna kallon rumfar da yake ajiye motarsa. Hotunansu kuma ya ce a zuba su a cikin wannan faifai namu.

Mayi Chiwaula ta hau sama ta same shi. Ta ce, "Bambo, kyamara ba ta hutawa, rubutu take yi ba dare ba rana. A saya mata nata faifan, in ba haka ba ɗakin gwaji zai tsaya."

Ya ce, "Mayi, an ɗauke ki ne ki haɗa waya, ba ki ba ni shawara ba. Je ki haɗa."

Ta haɗa. Daga ranar asibiti ya koma gidan jira. In na danna sunan mutum sai na tsaya kallon 'yar da'irar nan tana juyawa, layi kuwa ya miƙe har gindin mangwaro. Tsofaffin da suka taso daga ƙauye tun asuba suna zagina. Wata tsohuwa ta ce mini, "Achimwene, ɗan'uwana, in barci kake yi a bayan gilashin nan ka faɗa mana mu ma mu shimfiɗa zane."

Wata ranar Laraba da hantsi aka kawo wata mata daga bakin tafki, ta haihu a hanya jini ya ɓalle mata. Sista Nyirongo, babbar ungozomarmu, ta aika a duba rukunin jininta da abin da ke akwai a firji. An yi gwajin cikin minti biyar. Na'ura ta riƙe amsar minti talatin da biyar. Ba zan ce kwamfuta ce ta kashe matar nan ba, jini ne ya ƙare mata. Amma ledar jinin da ta dace da ita tana nan a firji, taku arba'in daga gadonta, kuma a cikin waɗannan mintoci faifan yana can yana adana hoton motar da ba ta motsa ba tun safe.

Sista Nyirongo ta fito da rigarta jage-jage da jini, ta wuce har ɗan ɗakin nan ta banka ƙofa. Ta ce, "Esnath, wannan akwatin naki ne ko na shaiɗan? Zo ki gaya wa mijinta da bakinki abin da yake yi tun ɗazu!"

Mayi Chiwaula ba ta kare kanta ba. Da ta buɗe baki sai ta ce, "Ki ba ni zuwa Litinin."

Asabar da rana, asibiti ya lafa, ta zo ta rufe kanta. Ta raba ayyukan na'urar rukuni-rukuni, ta ba kowane rukuni nauyinsa a gaban faifai. Ɗakin gwaji da firjin jini ta ba su kaso mafi tsoka, ɗakin haihuwa da tagar magani suka biyo baya, rahotannin ofis a bayansu. Kyamarori ta jefa su can ƙarshen layi, su ci abin da ya rage. In asibiti ya yi shiru su sha faifai son ransu, in an taso da mara lafiya su dakata. Ba ta sayi ko ƙusa ba. Layuka ne 'yan kaɗan ta rubuta, ta gwada, ta sake gwadawa, ta kulle ɗaki ta tafi gida ta tuƙa nsima, tuwon masararmu.

Litinin kafin sha ɗaya layin tagata ya ƙare. Na leƙa waje na ga gindin mangwaro babu kowa, har na ɗauka wani abu ne ya faru a gari. Babu wanda ya tambayi dalili. An ce na'ura ce ta ga dama.

Bayan wata biyu wani ya ɓalle madubin motar Bambo Msiska da rana tsaka, daidai lokacin da asibiti ya cika. Da aka duba hoton sai aka ga yana tsalle: ga madubi, babu madubi, ɓarawo kuwa ko inuwarsa. Ya sa aka kira ta a gaban shugabannin sassa, ni ma ina wurin.

Ya ce, "Wa ya ba ki izinin taɓa kyamarorina?"

Ta ce, "Ban taɓa su ba, Bambo. Layi na sa su bi."

"To ki mayar da komai yadda yake, yau ɗin nan!"

Ta ciro farar takarda daga jakarta ta ajiye a gabansa, ta ɗora biro a kai. Ta ce, "Zan mayar. Ka rubuta mini cewa hoton motarka ya riga jinin mai haihuwa, ka sa hannu, ka buga hatimi. Minti biyu ya ishe ni."

Sai Sista Nyirongo ta ce, "Rubuta mana, Bambo, ko biron ne ba ya kawowa?"

Bai rubuta ba. Abin da ya rubuta takardar tuhuma ce ta rashin ɗa'a, ya sa a cikin fayil ɗinta. Takardar nan ta zauna a kan ƙarin girmanta shekara goma sha ɗaya. Shi an ɗauke shi an kai shi Lilongwe, babban birnin ƙasarmu, an ƙara masa kujera. Ita kuwa waɗanda ta koya wa kunna kwamfuta suka zo suka wuce ta tana kallo.

Abin bai tsaya nan ba. Daga baya aka turo wani ƙwararre mai ɗamarar wuya ya binciki dalilin da ya sa na'urarmu ta fi ta sauran gundumomi sauri. Kwana uku ya yi. Ta zaunar da shi ta nuna masa komai, har ta ba shi rogonta. Ya kwafe tsarin ya kai, aka baza shi a asibitoci tara, aka ba shi lambar yabo a otal. Na karanta rahoton nan daga bango zuwa bango. An gode wa direbansa. Sunanta babu.

Ranar Juma'a mu bakwai ne a wurin sallamarta, da lemo da faranti ɗaya na mandasi, irin fankenmu, da muka haɗa da kanmu. Sabon shugaban mulki ya leƙo, ya kuskure sunanta ya kira ta Mayi Chirwa, ya ce yana da taro.

To, Mayi Chiwaula, tunda su sun kasa, bari ni in faɗa. Ke ce kika tsaya a ƙofar faifai kika ce mai zubar da jini ya fara shiga. Ke ce aka nuna wa yatsa a gaban jama'a kika miƙa biro. Akwai yara a makarantar firamaren da ke bayan asibiti waɗanda iyayensu mata ke raye saboda amsa ta fito cikin daƙiƙa uku, kuma ba su san da ke ba, ke ma ba ki nemi su sani ba. Mai gyara layi, mun gode. Mu na taga da na ɗakin haihuwa da na gwaji, mun gode.

Da na gaya mata zan yi wannan rubutu, tana ɗaure kayanta za ta koma garinsu Ntcheu noman dankali, sai ta harare ni. Ta ce, "Achimwene, ka bar surutu. In dai dole sai ka rubuta, ka ce musu faifan ya fara wani irin ƙara tun watan jiya. Sau uku ina kai takarda."

Ga shi na rubuta. Ku matasan da kuka gaji kujerarta a nan da sauran wurare, ku riƙa tambayar wa ke jira a ƙarshen kowace waya kafin ku ba wani fifiko, ko da mai ba da umarnin ya fi ku ofis. Ku kuma na saman bene, ba ma roƙon ku lambar yabo, lokacinta ya wuce kuma kun ci amanarsa. Ku sauko ku canza faifan nan kafin ya mutu da sunayen mutane a cikinsa.